Filin Shawara Tare da Goggo: Rigimar Kifi a Gidaje Huɗu

Da na zazzage jakar wasiƙun wannan makon sai na tarar da guda huɗu daga yankin Jega, Aliero da Maiyama, dukkansu ƙarnin kifi suke yi, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Kamar kullum, na cire sunaye da duk alamar da za ta sa a gane mai wasiƙa, na kuma datse waɗanda suka yi tsawo.

Ɗana ya ce ni ke kashe gulbi

Assalamu alaikum Goggo. Ni mace ce mai 'ya'ya biyar a Jega, maigidana ya rasu. Sana'ata suyar kifi. Ina da 'yar rumfa da benci kusa da tasha, direbobi da 'yan kasuwa kan zauna su ci soyayye da yaji da albasa, da yamma in yi farfesu. Da can manyan tarwaɗa da gargaza nake sara a hannun masunta. Yanzu babban kifi ya yi wuya, in an samu ma ya fi ƙarfin jarina. Sai ƙanen marigayi ya fara kawo mini ƙanana a bokiti da araha, wasu ba su kai yatsa ba. Ina soya su su yi ƙaras-ƙaras, ana saye sosai. To ɗana na fari da ke jami'ar Aliero ya zo hutu ya gani, ya ce da gidan sauro ake kama su, wai ni ce nake taya su kashe gulbi, har ya ce ba zai ƙara cin kuɗin ba. Goggo, da kuɗin nan nake biya masa makaranta. Ranar na yi kuka. Shi kuma ƙanen mijin nawa, in na daina saye a wurinsa za a ce na yanke zumunta. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya raya abin da ya bari. Share hawayenki. Yaron nan ya faɗi gaskiya a kan gulbi, ya kuma yi miki rashin ladabi, kowanne zan ba shi haƙƙinsa.

Mu fara da bokitin. Gobe in an kawo, kafin ki zuba gishiri, ki ɗebi tafi guda ki baza a faranti ki duba da kyau, don ƙananan kifi iri biyu ne. Akwai wanda Allah Ya yi shi ƙarami, ko ya tsufa ba ya wuce yatsa, irin warangi, siriri fari mai ƙyalli, wanda ake shanyawa a Yawuri a kai kasuwanni cikin buhu. Cin wannan ba ɓarna ba ce. Akwai kuma jariri. Mai faffaɗan kai da gashin baki da santsin jiki, ɗan tarwaɗa ne. Mai faɗin jiki da ƙayoyi jere a gadon baya, ɗan gargaza ne, wadda wasu ke kira karfasa. Waɗannan da an bar su zuwa baɗi, da guda ɗaya ya cika farantin direba. Kin fi ɗanki sanin fuskokinsu, tsayawa ne ba ki taɓa yi kin ware su ba.

Gulbin Zamfara da ya bi ta gefen Jega, kafin ya haɗu da gulbin Kabi su gangara Kwara, rayuwar kifinsa a kan cikowar damina take. Idan ruwa ya tumbatsa ya malala fadama, wajen Yuli zuwa Satumba, manyan kifi kan bi shi su shiga ciyawa su zuba ƙwai. A nan 'ya'yan ke ƙyanƙyashewa, su yi kiwo a ruwa marar zurfi. Da kaka ta yi ruwa ya fara janyewa, sai su biyo 'yan ƙoramu su koma gulbi. A bakin ƙoramun nan ake shimfiɗa gidan sauro a tare hanya, a kwashe su kaf, har da waɗanda ba su isa suya ba, a watsar a gaɓa. Tarwaɗa mace guda na ɗauke da dubun-dubatar ƙwai, amma ko ba a taɓa su ba kaɗan ne ke kai ga girma, balle an tare musu ƙofa. Manomi ne ya daka irin shukarsa ya tuƙa tuwo: daren nan a ƙoshi, baɗi a shiga bara. Tsadar babban kifin da ta kore ki daga sarinsa, bokitin nan na cikin abubuwan da suka jawo ta. Akwai wasu, don yashi ya cike gurabe da yawa, injinan ban ruwa na zuƙa da rani, maganin feshin gona na gangarowa, masunta kuma sun ninka na da. Amma bokitin ne hannunki ke kaiwa.

Hukuma ta san da zancen. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana komar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, in ban da 'yan kayan da aka keɓe don kama irin su warangi. Gidan sauro kuwa ko sauron ba ya ratsa shi, ga maganin ƙwarin da aka jiƙa shi da shi, ga yaran da aka raba shi dominsu suna kwana a buɗe. A tafkin Kainji an yi fama da irin wannan da komar da ake kira dala, wadda ake ja daga gaɓa da sunan warangi tana haɗawa da 'ya'yan manyan kifi, har jihohin Kebbi da Neja suka hana ta a ƙarshen shekarun 1990.

Amma ba sai na kafa miki hujja da takardar gwamnati ba, ki dubi Argungu. Kogin Matan Fada a tsare yake ƙarƙashin Sarkin Ruwa, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe. Shi ya sa tun 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da bikin kamun kifin ya samo asali, ake fito da giwan ruwan da sai an taru a ɗaga. Kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne. Shi ma wata rana bai fi yatsa ba, sa'a ya yi bai gamu da gidan sauro ba. Kakannin Kabawa da Sarkawa sun san ruwa na son hutu tun kafin a aza tubalin jami'ar da ɗanki ke zuwa.

Ban ce ki kife kaskon suya gobe ba, marayu biyar ba sa cin wa'azi. A hankali za ki juya. Ki nemi masu kiwon tarwaɗa, ki riƙa sara a bakin kandami ranar kwasa, ya fi sauƙi a kan na hannun dillali. Na san abin da direbobinki za su ce: kifin kiwo lami ne, ga kitse, ga warin taɓo. Rabin ƙorafin nan laifin gyara ne. Ki bar su da rai a baho cikin ruwa mai tsabta kwana ɗaya ko biyu ba abinci, kina sauya ruwan. In kin yanka ki zuba ruwan zafi ki kankare yauƙin, ki cire farin kitsen ciki duka, ki wanke da lemun tsami da gishiri. Ki cuɗa da citta, tafarnuwa, masoro da ɗan kanumfari, ki ɗora a ragar gashi ya ɗan sha hayaƙi kafin ya shiga mai ko tukunyar farfesu, ki yanka masa albasar Aliero ba rowa. Wanda ya gane bambanci bayan wannan, ki tambaye shi ko masunci ne. Masu son ƙaras-ƙaras ki soya musu warangi.

Ƙanen mijinki kada ki yanke shi, kada kuma ki aika masa saƙo ta bakin yaro. Ki zaunar da shi ki ce, "Baffan yara, daga yau duk wanda ya kai tafin hannu kawo mini, zan saya da daraja, wanda bai kai ba kuwa ka yafe ni." Mai yiwuwa rashi ne ya kai shi ga gidan sauro, don kalli da birgi kuɗi ne. In kina adashi, ranar kwasarki ki taimaka masa ya sayi koma mai manyan idanu, ki riƙa cirewa a kuɗin kifi. Da damina kuma in an kawo tarwaɗa ciki tim da ƙwai, ki daure ki ƙi, ko da masu farfesu na son ƙwan. Na sani in kin ƙi ta kusa da ke za ta saya, don haka ki yi magana da sauran mata masu suya da masu banda, ku je wa sarkin ruwan yankinku da baki ɗaya. Ranar da mai gidan sauro ya zaga tasha da kasuwa bai sami mai saye ba, da kansa zai naɗe shi.

Shi kuma ɗan jami'a, ba shi shafin nan ya karanta. Ɗana, ilimin da ya sa ka gane ɓarnar gidan sauro da man suyar nan aka saya maka shi, dubi tabon ƙuna a hannun mahaifiyarka. Je ka durƙusa ka ba ta haƙuri. In kuma da gaske kake, hutun nan kai za ka nemo mata masu kandami, ka riƙe mata lissafin wata guda a ga ko sabon tsarin na fitar da riba, ka tsuguna ka wanke yauƙi.

Iyalina ta koma Titus

Goggo, barka da aiki. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Aliero. Tun watannin baya iyalina ta daina sa mana kifin gulbi a miya, kullum sai Titus na ƙanƙara. Ni ɗan Kabi ne, da kifin ruwanmu aka yaye ni, ban ga dalilin cin kifin da ya mutu tun bara a ƙasar wasu ba. Anya ma ba mushe ba ne? Na yi magana ta ce in duba abin da nake bayarwa na cefane. Ni dai ina ganin raini ne ya shigo.

Alhaji, ai ta riga ta ba ka amsa. Yaushe rabonka da taya kifi da bakinka? Ranar kasuwar Jega mai zuwa ka shiga layin masu kifi da daidai kuɗin da kake ba ta, ka ga abin da za ka fito da shi.

Batun mushe, kifi ba a yanka shi, na gulbin ma a kwale-kwale yake mutuwa kafin ya iso gidanka. Kuma ba gidanka kaɗai Titus ya ci da yaƙi ba. Alƙaluman da hukumomin tarayya suka sha bayarwa a shekarun baya sun nuna ƙasar nan na buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa daga teku da koguna da kandamai bai wuce tan miliyan 1.2 ba, da na ƙanƙara ake rage giɓin. Titus daga tekun arewacin Turai ake kamo shi, wajajen Norwe da Holan, a daskarar da shi tun yana sabo, kuma kifi ne mai gina jiki. Matsalarsa doguwar hanya daga Legas da ɗaukewar wuta: ya narke, a sake daskarar da shi, ya sake narkewa. Uwargida ta riƙa dubawa. In cikinsa ya fashe, ko yatsa ya lotsa naman bai dawo ba, ko gefen ciki ya yi rawaya yana warin tsohon mai, ta bar musu kayansu. Kai kuma ka ƙara kuɗin cefane, ka ce ranar Juma'a kifin gulbi kake so, babba.

Na ci kawa a Maroko, Inna ta yi fushi

Assalamu alaikum Goggo. Ni ɗan Jega ne, ina karatu a Maroko. Abokaina 'yan ƙasar sun kai ni babbar kasuwar Kasabalanka, ɓangaren masu kifi, inda za ka sayi kifinka a tebur ka miƙa a gasa maka a 'yan shagunan abincin da ke gefe. Kafin a gama gashi suka tsaya wurin mai sayar da kawa, wata halittar teku mai ɓawo biyu irin na makankari. Ya ɓare da wuƙa, ya matsa lemun tsami, suka kurɓe ta ɗanya. Kunya ta sa na bi su, kuma gaskiya ban ji ƙyama ba. Sai na sa hoton a WhatsApp. Ƙanwata ta nuna wa Inna, yanzu Inna ta ce na je ƙasar mutane ina cin ƙazanta, ta daina ɗaukar wayata. Magana har ta kai gidan su yarinyar da nake nema. Goggo, haram na ci? Abokan sun ce cin kawa ma taimakon teku ne.

Ɗana, kwantar da hankalinka, ba ka ci haram ba. A mazhabar Imamu Malik, wadda mu da mutanen Maroko muke bi, abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, kifi ne ko ba kifi ba, kuma ba ya buƙatar yanka. Malamai na kafa hujja da ayar Suratul Ma'ida da ta halatta farautar teku, da hadisin da ke cikin Muwaɗɗa a kan tsarkin ruwan teku da halaccin abin da ya mutu a cikinsa. Hanafawa ne suka tsaya a kan kifi kaɗai, shi ya sa abokin karatunka ɗan Turkiyya ko Pakistan zai iya ba ka wata amsar daban. Abin da ke damun Inna ƙyama ce, ita kuwa ba a yi mata gardama. Mu da muke cin fara da yaji, akwai ƙasashen da in sun gan mu kau da kai za su yi.

Ni abin da ya fi damuna shi ne ɗanya ka ci. Kawa ba ta yawon neman abinci. A manne take wuri guda, tana zuƙar ruwa tana tace 'yan halittun da ke ciki, babba guda in yanayi ya yi mata daidai takan tace har lita 190 a yini. Nan gaskiyar abokanka take. Mai kiwon kawa, irin na Walidiyya da ke kudu da Kasabalanka inda ake sana'ar tun shekarun 1950, ba ya zuba mata abinci, ruwan da take ciki kuma ƙara washewa yake yi. Tarwaɗar kandamin da na yi wa mai suya nuni da ita ba ta kai haka ba, don abincinta ke cinye mafi yawan jarin mai kiwo, a cikinsa kuma akwai garin wasu ƙananan kifayen da aka kwaso daga wani ruwan.

Tacewar nan ita ce kuma haɗarinta. In ƙazantar gari na kwarara cikin ruwan, ƙwayoyin amai da gudawa da na shawara a jikinta suke taruwa. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira bibriyo, mai son ruwan teku idan ya yi ɗumi, takan kwantar da mai lafiya 'yan kwanaki, mai ciwon hanta kuwa tana iya ajalinsa. Lemun tsami ba ya kashe ta, barkono ma haka, sai wuta. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikinmu, da yawa na ɗauke da shi ba su sani ba, in ba ka taɓa gwaji ba je ka yi. Mai ciwon hanta, mai ciwon suga, mace mai ciki da duk wanda jikinsa ba ƙarfi su nisanci ɗanyarta. Kai ma in za ka ƙara, ce a gasa maka. Wadda bakinta ke buɗe aka ƙwanƙwasa ba ta rufe ba ta mutu, a yar. Wadda aka dafa ta ƙi buɗewa, ita ma a yar.

Kada ka ɗauka abin na Larabawa da Turawa ne kaɗai. A Gambiya mata ne ke shiga kwale-kwale cikin dajin ruwan gishiri na Tanbi, kusa da Banjul, su ɓamɓaro kawa daga saiwoyin itatuwa, su dafa su sayar a bakin titi. Da suka ga tana ƙanƙancewa tana ƙarewa, sai suka haɗu a ƙungiyar TRY da aka kafa a 2007, suka daina sare saiwoyin, suka yarda a rufe ɗiba wata 8 a shekara, a buɗe daga Maris zuwa Yuni. A 2012 gwamnatin ƙasar ta damƙa musu ikon kula da wurin. Kawar ta ƙara girma, kuɗinta ya ƙaru. Da matan tashar Jega za su ji labarin nan daga bakinka in ka zo hutu, da ya fi hoton amfani.

Saura Inna. Kada ka tura mata fatawa ta waya, uwa ba a kayar da ita da hujja. Ka samu kawunka ko wani babba da take jin nauyinsa ya kai maka ban haƙuri, ka ce ka ji, ba za ka ƙara tayar mata da hankali ba. Bayan ta huce, malamin da ta yarda da shi ya yi mata bayanin halaccin, ita da bakinta za ta gyara maganar a gidan surukan naka. Yarinyar kira ta ka gaya mata yadda aka yi, da dariya za ku rabu. Hoton kuma goge shi.

Maigidana na zuba magani a tafki

Goggo, don Allah ki ɓoye sunana da na garinmu, a ƙasar Maiyama nake. Maigidana masunci ne, yana ɗan noma. Da rani idan ruwa ya ja baya ya bar tafkuna, shi da abokansa sukan fita da dare, da asuba su dawo da kifi buhu-buhu, manya da ƙanana, har da kwaɗi a ciki. Ni nake banda. Rannan ina shara na ga galan na maganin feshi a ƙarƙashin gadonsa, na tambaya ya ce ba ruwana. Daga baya matar abokinsa ta gaya mini zubawa suke yi a tafki. Goggo, muna ci, yarana na ci, ina shayarwa, sauran ana kai wa kasuwa. In na tona, aurena. In na yi shiru, ina tsoron Allah.

Ɗiyata, zan fara da abin da ba ya jiran shawarar kowa: daga yau kifin nan kada ya ƙara shiga bakinki ko na yaranki. Wanki ba ya fitar da maganin, banda ba ta ƙone shi, tafasa ba ta kashe shi.

Wanda ya yi suna a wannan ɓarnar shi ne gamalin, maganin ƙwarin gona. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, ƙasashen duniya sun sa shi cikin haramtattu a yarjejeniyar Stockholm a 2009, saboda ba ya ruɓewa da wuri. Yana maƙalewa a kitsen kifi, ya wuce jikin wanda ya ci ya taru, har ya fito a ruwan nono, yana taɓa jijiyoyi da hanta. Wasu kuma duk maganin feshin da suka samu a shagon kayan gona shi suke juyewa. Ko wanne ne a galan ɗin, guba ne, kuma bai kamata ya kwana a ɗakin da yara ke shiga ba. Idan yaro ya fara amai, dalalar miyau, jiri, karkarwa ko shiɗewa bayan cin kifi, ki ruga da shi asibiti, ki tafi da galan ɗin ko takardar jikinsa don likita ya san abin da yake yaƙa. Kada ki ɗura masa manja ko madara yadda aka saba, maiƙo na ƙara wa irin wannan gubar saurin shiga jiki, kada kuma ki sa masa yatsa ya yi amai. Ke mai shayarwa ki je a duba ki, ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya gaskiya, kada ki yaye jaririn da kanki kafin ki ji ta bakinta.

Tafkin nan ba na mijinki kaɗai ba ne. Shanun Fulani na sha, mata na wanki, yara na wanka, mai lambu na jan ruwa zuwa albasarsa. Guba ba ta zaɓe, tana kashe babba da ƙarami da ƙwai da abin da kifin ke ci, tafki ya daɗe bai dawo daidai ba. Kwaɗin da kika gani a buhu shaida ne. Dokar 1992 da na ambata a sama ta haramta kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki, hukuncinta tara ko ɗauri. A addini kuwa, ka sayar wa mutum abin da ka san zai cuce shi ka ɓoye masa ha'inci ne, in rai ya salwanta magana ta wuce ha'inci.

Ban ce ki fita tsakar gari ki yi shela ba. Ki bi mataki-mataki, amma da sauri. Ki same shi shi kaɗai, bayan ya ci ya huta, ba gaban yara ba. Kada ki fara da "an gaya mini", don kada ki jefa matar abokinsa cikin masifa. Ki fara da galan ɗin da kika gani, da kwaɗin, da jaririn da ke bayanki. Ki ce, "Malam, ni dai ba zan ƙara ba 'ya'yanka kifin nan ba, ba kuma zan iya yi wa 'ya'yan wasu bandarsa ba." Da yawa cikin masu wannan aikin sun ɗauka in an fasa ciki an zubar da hanji an wanke, shi ke nan. Wataƙila shi ma haka ya ɗauka, tunda yana ci. In ya saurara ki taya shi neman mafita. Rani a ƙasar Maiyama lokacin albasa da shinkafa ne, aikin lambu bai ƙare ba, kalli da mamari ma na ciyar da gida muddin ruwan na da rai.

In ya ƙi, ki kai maganar ga mahaifinsa ko yayansa, ko limamin da yake jin maganarsa. In nan ma ba ta ɓulle ba, waliyyinki ya sanar da sarkin ruwa ko mai gari, sun san yadda za su sa ido a kan tafkin su ga abin da idonsu ba tare da sunanki ya fito ba. Idan kina tsoron zai ɗaga miki hannu, kada ki tunkare shi ke kaɗai, ki fara da gidanku. Hana shi wannan aikin ba cin amanar aure ba ne.

Ku kuma masu saye a kasuwannin Jega, Aliero da Maiyama, in kun ga tulin ɗanyen kifi an haɗa kowane iri da kowane girma, naman ya saki tun da hantsi, ga araha ta ban mamaki, ku tambayi inda aka kamo da yadda aka kama. Banda a sansana ta. Mai warin fiya-fiya, ko wadda ƙuda ke tsallakewa alhali yana sauka a kan ta maƙwabta, an yi mata feshi don ƙwari, ku wuce. Ido da hanci ba sa gane duka, don haka ku saba da mai kifi guda da kuka yarda da amanarsa.

Ɗiyata, ki sake rubuto mini bayan kin yi magana da shi, ki gaya mini yadda kuka ƙare, da abin da asibiti suka ce game da ke da jaririn.